Tuwon da Na Kai wa Kaka a Plumstead

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Kiristi, iyayena da yayyena na zumuncin Hausa a Woolwich.

Sunana Rahila. Ni ce yarinyar da ke zama a kujerar ƙarshe kusa da hita, 'yar Mama Hannatu nas. Fasto ya ce in tsaya a gabanku in faɗi abin da Allah ya yi mini, na ce ba zan iya ba. Ya ce to in rubuta. Ga shi na rubuta.

Abu na farko da na lura da shi ranar da na iso Landan shi ne yadda mutane ke zama a bas. Kowa ya shigo sai ya bi kujeru da ido, ya nemi wadda babu kowa a gefenta. In ya rasa, ya gwammace ya tsaya. A motar Malumfashi kuwa, kafin a kai Funtuwa an ɗora miki jaririn wata a cinya, kin kuma san ciwon da ke damun surukarta. Na ce a raina, mutanen garin nan faɗa suka yi ne?

Kaka ce ta rene ni, mahaifiyar Mama. Mama ta taho aiki nan tun ina ƙarama, a waya na san ta. Da takarduna suka fito, na bar Kaka a ƙofar gida na zo wurin Mama, a flat ɗinmu na council, wato gidan hayar gwamnati. Mama ba ta rage ni da komai ba. Amma in ta dawo daga asibiti barci take yi, in ta tashi ina makaranta. Muna gaisawa da ladabi, kamar baƙi biyu da aka sauke a ɗaki ɗaya.

A makaranta, in na buɗe baki sai a ce in sake faɗa. In na sake, wani ya kwaikwayi muryata. Sai na daina buɗewa. Abincin rana a bayan laburare nake ci, ina kallon tattabaru.

Ban cika shekara a nan ba Kaka ta rasu.

A ƙofar kicin Mama ta gaya mini, tana sanye da kayan aiki, jaka a kafaɗa. Ta ce, "Kakarki ta tafi gida wurin Ubangiji. Sai haƙuri." Ta dafa kaina, ta duba agogo, ta fita. Na lura ba ta ɗaure igiyar takalminta na hagu ba. Aka binne Kaka ba mu nan. Daga ranar sunanta bai sake fitowa a gidanmu ba. Ban san ciwon da ya ɗauke ta ba, ban san wanda ke kusa da ita ba, ban san ko ta kira sunana ba. Na yi fushi da Mama. Gaskiya zan faɗa, na yi fushi da Yesu ma.

A wannan hali Poppy ta same ni. 'Yar ajinmu ce, Baturiya mai jan gashi. Wata rana ta zo ta zauna kusa da ni a bayan laburare, ba ta tambayi izini ba. Ta tambayi sunana, ta yi ta maimaita shi har ta faɗe shi daidai. Akwai sarƙa a wuyanta mai tauraro a cikin da'ira, ni kuwa idona ya ƙi barin wurin.

"Kalla da kyau, ba ta cizo," in ji ta da Turanci. "Pentacle sunanta. Mu 'yan Wicca ne, ni da mamata."

Ita ta koya mini sauran. Ta ce suna bauta wa Allahiya mai fuska uku da ke bin wata: Budurwa in wata ya tsaya, Uwa in ya cika, Tsohuwa in ya ragu. Akwai kuma allansu mai ƙaho, mai mulkin daji da dabbobi, wanda ke mutuwa lokacin girbi, a sake haifarsa a tsakiyar hunturu. Ƙaramar ƙungiyar da mamanta ke jagoranta coven suke ce mata. In za su rabu sukan ce "blessed be", wato albarka ta tabbata. Na haddace duk waɗannan da saurin da ban taɓa haddace kimiyya da shi ba.

Tsohuwar nan ce ta kama ni. Poppy ta ce ita ke tsaye a bakin ƙofar mutuwa, tana karɓar masu wucewa. Duk lokacin da na rufe ido in tuna ta, fuskar Kaka nake gani, har da tsagar kumatunta.

'Yan'uwa, na daina addu'a. Na zuba gishiri a bakin tagata don kariya, yadda Poppy ta koya mini. Na riƙa leƙen wata ta tsakanin dogayen gidaje ina yi masa magana. Poppy ta ba ni irin sarƙarta, ranar Lahadi in tura ta cikin safa in zo nan in zauna tare da ku. Kuna waƙa, tauraron yana sukar idon sawuna!

Na fara zuwa gidansu a Plumstead. Mamanta mace ce mai fara'a, ta dage in riƙa kiranta da sunanta, bakina ya kasa. Wata rana tana zuba mini shayi ta ce, "Ku ma ai kuna da naku allolin kafin zuwan 'yan mishan, ko? Abin tausayi, an raba ku da su."

Na gyaɗa kai kawai. Amma na tuna Kaka. A gidan tsafi aka haife ta, ubanta na yanka wa iskoki jan zakara a gindin tsamiya. In aka tuna mata sai ta ce, "Kajin gidanmu suka cinye kaf, ko ƙwai ɗaya ba su taɓa mayar mana ba." Ba raba ta aka yi da su ba, da ƙafarta ta fito. Na san haka sarai, na haɗiye, don ina tsoron rasa kujerata a kicin ɗin nan.

Da ƙarshen Oktoba ya matso, Poppy ta ce babban bikinsu ya zo, wanda suke kira Sawin. Ta ce a ranar labulen da ke tsakanin rayayyu da matattu yakan yi shara-shara. Ana shirya tebur, a bar kujera ɗaya babu kowa, kowa ya kawo abincin da mamacinsa ke so, a ci tare da su.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji ta. "Ba a magana. Ko kalma ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ke ai za ki cinye gasar."

Muka yi dariya. Na ce a raina, in Kaka ta zo, zan sani ko ta yafe mini tafiyar da na yi na bar ta.

Na je kasuwar Woolwich, shagon wata Hajiya 'yar Gana, na sayi kuka da daddawa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce da Hausarsu ta Gana da ba ta raba mace da namiji, "Kai ne za ka dafa? Kai, mamanka ya yi sa'a!" Muna hutun makaranta, Mama na wurin aiki. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miya yadda Kaka ta koya mini, na zuba a kula, na hau bas.

Da la'asar aka taru a gidansu Poppy, an saki labule, an kunna kyandirori. Maman Poppy ta ɗauki wata wuƙa mai baƙar ƙota da suke kira athame. Ba a yanka komai da ita. Ta zagaye mu da ita tana zana da'ira a iska, ta kira gabas da kudu da yamma da arewa, ta kira Tsohuwa. Daga nan aka yi tsit.

Kowa ya kai nasa gaban kujerar da babu kowa. Wata ta ajiye kek na tuffa. Wani dattijo ya ajiye kofin giya. Ni kuwa na buɗe kula. Warin daddawa ya cika ɗakin, kyanwarsu ta miƙe ta fice, Poppy ta toshe baki kada dariya ta kuɓuce mata. Na zuba wa Kaka nata, na zuba nawa, na koma na zauna.

Na jira. Ina jin ƙarar cokula, ina jin dattijon nan yana haɗiya. Na ga kyandir yana ɗiga a kan baƙin ƙyallen tebur. Na ga tururin tuwon Kaka yana raguwa har ya ɗauke, saman miyar ya kama fata. Ina ta kiranta a zuci, Kaka, Kaka, ga ni. Babu komai. Kujera ce kawai, mai ɗan tsagu a jikin katakonta. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ga mutane kewaye da ni.

Sai na miƙa hannu zan yanki loma, hannun ya tsaya da kansa a saman kwano.

A gidan Kaka kwano ɗaya muke ci, kuma ba a sa hannu sai an yi godiya da murya. In na yi gaggawa, bayan ludayi nake sha a yatsu. Takan ce, "Ke akuya ce, da za ki tura baki a akushi ba ki san wanda ya ba ki ba?" Nan take na gane abin da na yi. Na gayyaci matar da ba ta taɓa cin ko gyaɗa ba tare da kiran sunan Yesu ba, zuwa teburin da aka hana buɗe baki. Ko da an bar matattu su dawo, Kaka ba za ta zauna a nan ba. Tana wurin wanda ta bi duk rayuwarta, ni ce na juya masa baya nake nemanta a wani gida.

Ban shirya ba. Muryata ce kawai na ji ta fito, da Hausa, da ƙarfi, kalmomin Kaka ɗaya bayan ɗaya: "Uba, mun gode da ka tuna da mu yau ma. Ka sa wa abincin nan albarka, ka tuna da waɗanda ba su samu ba, cikin sunan Yesu." Sai nawa suka biyo: "Yesu, na gaji. Ni kaɗai ce. Ka zo ka ɗauke ni daga nan."

Ya Allah! Kukan da ban yi ba tun ranar ƙofar kicin, ranar ya ɓalle. Nauyin da ke danne ƙirjina wata da watanni ya ɗaga. Ba Kaka ce ta zo ba. Amma na san an ji ni. Haleluya!

Duk ido ya dawo kaina. Maman Poppy ba ta yi faɗa ba. Ta tashi da wuƙarta, ta zana siffar ƙofa a iska, don a wurinsu ba a ƙetare da'ira sai an buɗe hanya. Na cire sarƙar na ajiye kusa da kwanona, na ɗauki kula, na bi ta wannan ƙofa.

Da aka koma makaranta Poppy ta ce na ɓata wa mutane ranar da suke jira duk shekara, dattijon nan matarsa ce ta rasu. Na ba ta haƙuri, na kuma gaya mata ba zan sake zuwa ba. Yanzu mukan ɗaga wa juna hannu a baranda, shi ke nan. Na koma wurin tattabaruna. Har yau wani lokaci abin na yi mini ciwo.

Ina roƙonku ku yi mata addu'a ita da mamanta, kada ku zage su. Su ne suka fara tambayar sunana a garin nan. Iyayena, in kun ga yaro yana zama shi kaɗai a bayan coci, ku je ku zauna kusa da shi, tun kafin wani ya riga ku.

Na gode wa Yesu da bai yi fushi da fushina ba. Ya jira ni har cikin da'irar da aka zana, ya ji Hausata a ɗakin da babu mai jin ta. Duk wanda ke ɗauke da baƙin cikin da ya kasa faɗa, ya faɗa masa. Yana ji.

Ranar da na dawo daga Plumstead, na tarar Mama ta dawo aiki. Tana tsaye a kicin, ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta buɗe tukunyar sauran miyar tana kallo. Ba ta juyo ba.

"Wa ya yi wannan?" in ji ta.

"Ni ce."

"Hannun Inna ne sak," ta ce, muryarta ta karye. A lokacin na tuna cewa uwarta ce ta rasa.

Na sauko da babban kwano guda ɗaya, na juye sauran tuwon, na kawo ruwan wanke hannu na durƙusa a gabanta.

"Mama," na ce, "don Allah ki zauna mu ci tare. Ki yi mana addu'a, sannan ki gaya mini yadda Kaka ta tafi. Kada ki rage mini komai."