Soket Biyu Ne a Zauren Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe. Shugaban tsangaya, shugaban sashenmu, wakiliyar kamfani da ta yi doguwar tafiya domin mu, malamaina, 'yan'uwana ɗalibai na gaba da na can baya, ina gaishe ku gaba ɗaya. Wanda ban ambaci muƙaminsa ba ya yi mini afuwa, yau gaisuwata gajera ce, kuma za ku ji dalili.

Ina godiya ga hukumar makaranta da ta ba mu wannan zaure, da kamfanin da ya naɗa ni jakadansa a cikin ɗalibai, ya ce in tara 'yan'uwana in nuna musu yadda ake ƙirƙirar manhaja. Yau ne taro na ƙarshe da zan jagoranta. An ba ni takarda in karanta, cike da nasarori, amma na ninke ta na sa a aljihu, domin akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun farkon shekara.

Na farko, ina roƙon kowa ya dubi bangon zauren nan. Soket biyu ne kacal a cikinsa, kuma dukansu suna nan bayan babban tebur. Ɗaya na lasifika da majigi ne. Ɗayan kuwa, duk taron da muka yi, wayoyin manyan baƙinmu ne ke kwance a kansa suna shan caji. Can baya, inda ɗalibai ke zaune, ko ramin ƙusa babu. Ya ku jama'a, kwamfutocin da ke kan cinyoyin ɗaliban nan ba sababbi ba ne. Wata ta yaya ce, wata ta kawu ce, wata an ɗaure murfinta da salatif. Batirinsu kamar numfashin tsoho ne a kan matakala, yana hawa kaɗan sai ya nemi wurin zama.

Na biyu shi ne lokaci. Mukan sa taro da safe, ɗalibai su zo da safe, su kunna kwamfuta su jira. Manya su iso rana ta take. A gabatar da babban tebur, a gabatar da wanda zai gabatar da mai jawabi, mai jawabi ya tashi ya sake gaishe da duk waɗanda aka riga aka gaisar. Sai a yi mana bayani mai daɗi a kan yadda fasaha za ta sauya duniya, mu tafa. Kafin a ce, "To, jakada, bisimilla," ina dubawa baya sai in ga ana ta rufe murafen kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, caji ya ƙare. Haka nake tsayawa ina koyar da manhaja ga mutanen da suka naɗe hannu suna kallona kamar mai wa'azi. Wallahi abin yana ci mini rai, kuma na gaji da yin murmushi a hoto.

Kada a ce ban nemi mafita ba. Na ari doguwar wayar wuta mai bakuna da yawa, na shimfiɗa ta har tsakiyar zaure. Ina juya baya aka naɗe ta, wai manya za su yi tuntuɓe. Da na sake duba ta, sai na tarar an jona mata fanka ana fifita babban tebur. Na je wurin jami'in gine-gine na roƙi a ƙara soket, ya ce mini, "Ɗana, zauren taro ne, ba shagon caji ba." Na roƙi a matsar da teburin gefe, aka ce ba a taɓa yi ba. Na roƙi a fara da ɗalibai a ƙare da jawabai, aka tambaye ni ko a gidanmu yara ne ke riga manya magana.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni karanta waccan takarda. A layin ƙarshe, kusa da taga, akwai wata baiwar Allah da duk ajinmu ke kira Gwaggo. Ta girme mu, ta dawo karatu bayan ta yaye 'ya'ya, kuma ita ce ba ta taɓa fashin taro ba. Mahaifinta yana shan magunguna kala-kala, idonsa ya yi rauni, ba ya ganin rubutun jikin kwali. Sai ta zauna ta haɗa manhajar da za ta riƙa yi masa magana da muryarta idan lokaci ya yi, ta ce, "Baba, farin ƙaramin nan za ka sha yanzu, ka ci abinci tukuna." Na gani da idona, tana aiki.

Amma ku ba ku gani ba. Duk taron da aka sa sunanta cikin masu nuna aikinsu, kafin layi ya zo kanta kwamfutar ta mutu. A taron da ya wuce ta taso har nan, ta durƙusa a bayan kujerun manya da fulogi a hannu, aka yi mata nuni da hannu ta koma, wai tana shiga hoto. Matar da ta haifi kamar ƙannena, ta koma ta zauna. Da aka tashi ta same ni a bakin ƙofa ta ce, "Ƙanena, ka daina sa sunana, kunyar ta ishe ni." Ni na lallashe ta ta dawo yau, na ce mata wannan karon daban ne.

Wakiliyar kamfani ta gaya mana ƙa'idarsu tun da ta iso: ba sa ɗaukar ɗalibi horo sai sun ga aikinsa yana gudana a gabansu. Ta kuma gaya mana motarta ba za ta jira la'asar ba. Gwaggo tana shekarar ƙarshe, babu wani taro a gabanta. Tun ɗazu nake hango ta ta rage hasken allon har ba ta ganin abin da ke kai, tana tattalin ɗan abin da ya saura. Duk kalmar da na ƙara, daga cikin batirinta nake ci.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaban taro, da dukan ladabi, kai ubanmu ne, kuma a gaban jama'a nake roƙonka. Wayarka ce a jikin soket ɗin can. Ka ba mu aron wurin, a kuma ba Gwaggo kujera ɗaya a wannan tebur, ta nuna abin da ta yi kafin a ci gaba da jawabai. Idan rashin kunya na yi, a hukunta ni bayan an tashi, zan tsaya.

Allah ya ƙara wa shugabanninmu girma da lafiya, ya ba mahaifin Gwaggo sauƙi, ya sa wa karatunmu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Sauran addu'ar kowa ya ƙarasa a zuciyarsa.

Gwaggo, taso a hankali, kada ki rufe murfin.

Na gode.