Ranar da Kaset Ya Kayar da Manoman Badarawa

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, baƙinmu na Shinkafi da Zurmi, 'yan uwana masu sayar da kaset, jama'ar Ƙaura Namoda, assalamu alaikum.

Ni ne Rilwanu Mai Kaset, kuma in kun ga bakina ya ƙi rufuwa, ku yi mini uzuri, yau farin ciki ya yi mini yawa. Ina gode muku da kuka bar gona da kasuwa kuka zo ƙaddamar da waƙar ƙanenmu Armiya'u, "Geron Badarawa", karo na biyu. Dalilin wannan karo na biyu shi ne jawabina.

Da farko, kun san Armiya'u ɗan Baba Mainasara ne, mai gangar noma na Badarawa, wanda ya rataye gangarsa da hannunsa shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Yaron nan ya ɗauki kiɗan ubansa ya zuba shi cikin fiyanon lantarki, a wani ɗan ɗaki bayan tashar jirgi. Amma tun kafin kaset ya fito ya rantse a gabana: in Baba bai sa albarka ba, zai janye waƙar, ya rabu da fiyanon, ya koma gona. Baba kuwa ko saurare ya ƙi yi.

Na biyu, waƙa ta fita, ra'ayoyi suka biyo baya. Malamai suka saurara daga farko har ƙarshe, suka ce babu batsa, babu zagi, a ci gaba. Wani mai sharhi a rediyo ya ce sautin ya yi masa kama da injin niƙa. Muka ji haushi kwana biyu, sai ga 'yan kabu-kabun Kasuwar Daji suna rera ta a kan babur, sai ga mutanen Jangeru suna tsallakawa da ita Nijar. Kowa ya ji, kowa ya yi magana, ban da mutum ɗaya da muke jira.

Na uku, nan wautata ta shigo. Na ji za a yi gayya a gonar da ke kusa da gidan Baba. Na ce to, in bai zo wurin waƙa ba, waƙa ta je wurinsa. Na ɗaura rakoda a keke, na sa sabon batir, na kafa ta a kan tudu, na ƙure murya. Jama'a, samari suka kama garma kamar an sako su. Kiɗa na tafiya, suna tafiya. Suka kai iyakar gona, kiɗa bai tsaya ba, suka juyo. Suka sake kaiwa, bai tsaya ba. Kun san namiji ba ya ajiye garma ana yi masa kiɗa, ga mata sun kawo fura suna kallo. Kafin kaset ya juya, ƙarti goma sha ɗaya na kwance a ƙasa suna haki, Zubairu ga shi can yana ɓoye fuska, shi ya fara faɗuwa.

Sai Baba ya fito yana dogara sanda. Ya dubi waɗanda ke kwance, ya dubi rakoda, ya ce, "Rilwanu, makaɗin wanga bai taɓa riƙon garma ba. Kiɗan nawa ne, amma ba shi da ido. Mai gangar noma bayan manomi yake kallo. In ya ga zufa ta kai ga ƙugu, sai ya sassauta hannu, mutum ya sha iska ba tare da ya ji kunya ba." Ya juya ya shige gida. Da na kai wa Armiya'u labari, sai ya jawo zane ya rufe fiyano.

Washegari da hantsi, sai ga babur a ƙofar ɗakin kiɗan Armiya'u. Baba ne, da gularsa ta kiɗa a hannu. Ya ce, "Buɗe abin nan." Kwana huɗu yana zaune bayan ɗansa, ana sake ɗaukar waƙar. Duk inda ya kamata kiɗa ya numfasa, sai ya ɗan taɓa kafaɗarsa da gula. Saboda haka in kun ji waƙar yau ta lafa a wuri uku, kada ku dawo mini da kaset ku ce batir ne, hannun Baba ne.

Rana ta huɗu ya miƙe zai tafi, Armiya'u ya bi shi da gula, ya ce, "Baba, ka manta." Ya ce, "Ban manta ba. Allah shi yi maka albarka." Ga ta can a kan fiyano, ga Baba nan a sahun gaba, shi zai danna mana rakoda.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Allah ya ba mu damina mai albarka, Allah ya zaunar da Zamfara lafiya, Allah ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.