Launin da Na Rasa a Kasuwar Balad

'Yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tara mu a falon nan yau Juma'a, ya kawo kowa lafiya daga unguwarsa. Sunana Rifkatu. Waɗanda suka daɗe a zumuntar nan sun san ni da sayar da mayafai da yadi ta intanet. Yau ba kaya na kawo ba. Na zo in faɗi abin da Ubangiji ya raba ni da shi, ko da yake ni kaina ban san ina da ciwon ba sai da ya kusa zubar da mutuncin mahaifiyata.

Shekara uku ke nan da na biyo maigidana Jidda. Shi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ni kuma sai zaman gida a unguwar Aziziyya, daga kicin zuwa taga, daga taga zuwa kicin. Kaɗaici ya ishe ni.

Wata rana na je unguwar Hindawiyya ɗinka abaya wurin wata dattijuwar tela, Hajiya Asma'u. A nan Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina suka zauna. Tana gwada ni tana kallon fuskata, sai ta ce, "Ya binti, 'yata, zaman me kike yi haka? Mutanenku can gida suna son kayan Jidda. Ki nuna musu, su saya. Yalla, ki motsa."

Maigidana ya saya mini 'yar ƙaramar kyamara. Sai in saka abayata in zaga shagunan Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, in ɗauki hoton abin da ya burge ni, in dawo in sa a shafina. Ba na ajiye kaya. Sai an ce ana so, sannan in koma in saya, in ba masu komawa gida daga Umara su tafi da shi.

Hotunana na farko abin dariya ne. Fitilun shago suna canza wa yadi kama, filashin kyamara kuma ya ƙarasa shi. Baƙar abaya mai aikin zare sai ta fito kamar buhun gawayi. Wata biyu babu wanda ya ko tambaye ni kuɗin abu.

Daga nan na samu wata manhaja ta gyaran hoto a kwamfutar maigidana. Da farko gyara nake yi tsakani da Allah: in ƙara haske kaɗan don aikin zaren ya fito. Sai mutane suka fara magana a shafina. Sai na ƙara. Ja ya ƙara ja, kore ya ƙara kore, yadin da ba ya sheƙi na sa masa sheƙi. Ban san ranar da na tashi daga gyara na koma ƙari ba.

Abin ya zame mini jaraba. Maigidana zai fita da safe ya bar ni gaban kwamfuta, ya dawo da la'asar ya tarar da ni a wurin, shinkafa ta kama a tukunya. Hoto ɗaya sai in yi masa kala bakwai, in rasa wanne ya fi, in sake farawa. Littafina Mai Tsarki yana gefen kwamfutar, na maida shi abin ɗora kofin shayi.

Kuma ban tsaya kan kaya ba. Hotunan da nake tura wa Mama ta wayar ƙanwata Ladi, su ma sai na bi ta kansu. In goge ƙurajen fuska, in share baƙin ƙasan ido, in rage kumatu, in ƙara hasken fata. Ina so a ga cewa Jidda ta karɓe ni. Maigidana ya taɓa leƙowa ta kafaɗata ya ce, "Wannan kuma wace ce? Ki gaishe min da ita." Na yi fushi da shi kwana biyu.

Idan katin kyamara ya cika, sai in goge hotunan asali in bar gyararrun. A ganina na asalin ba su da amfani.

To, ga inda abin ya kama ni. Mama ita ce shugabar Zumuntar Mata a ikilisiyarmu ta gida. Suna shirin babban taronsu na shekara, suna son ɗankwali iri ɗaya, su hamsin da biyu. Ladi ta nuna musu shafina a wayarta, suka ga wani yadi mara zane, mai sheƙi, launinsa tsakanin ruwan zuma da ruwan goro. Duk suka ce shi. Wata a cikinsu ta ce ita ba ta yarda da kayan hoto ba, sai an gani da ido. Mama ta miƙe a gaban kowa ta ce, "Rifkatu ba ta ƙarya. Abin da kuka gani shi za ku ɗaura."

Da ƙarfin wannan maganar suka je kasuwa da wayar Ladi a hannu, suka zaɓi atamfa mai furanni da suka dace da launin hoton, kowa ta kai wa telanta. Aka aiko mini da ƙyallen atamfar ta hannun wata 'yar'uwar Hajiya Asma'u da ta zo Umara. Ita ce kuma za ta koma da yadin ranar Alhamis. Ranar Lahadi ƙyallen ya iso hannuna.

Na buɗe kwamfuta in duba a wane shago na ɗauki hoton. Babu na asali. Kala bakwai na tarar, kowanne da nasa launin, ban ma tabbata wanne ne farkon gyara ba. Na kai aka buga mini wanda ke shafina a takarda don in shiga kasuwa da shi. Abin da ya fito a takardar daban, na kwamfuta daban, furen da ke jikin ƙyallen kuma daban. Na zauna ina kallon abu uku.

Ranar Litinin na roƙi Hajiya ta raka ni Balad. Muka shiga shago ya fi goma. Ko'ina sai a sauko da bandir-bandir, in kara takardata, in ce ba shi ba ne. Aka kira sallah, aka rufe shaguna, muka jira a inuwa, aka buɗe, muka ci gaba. Wani ɗan Nijar mai shago, wanda na fi sayen kaya a wurinsa, ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa. Ya ce, "Madam, shekara goma sha ina taɓa yadi a kasuwar nan, ban taɓa ganin wannan ba. Kin tabbata a Jidda kika ɗauka?"

Na ce masa ina ganin ma a shagonsa ne.

Ya shiga ciki ya fito da wani yadi ruwan ƙasa, dushi-dushi, mara sheƙi. Ya ce, "In dai a wurina ne, to wannan ne kawai ke kusa." Na kalli yadin, na ga 'yar alamar masaƙa a gefensa, irin wadda ta ɗan fito a kusurwar hotona. Shi ne. Launin da mata hamsin da biyu suka ɗinka atamfa dominsa babu shi a kasuwa, babu shi a ko'ina. Ni na ƙirƙiro shi da yatsana.

A mota, da muka kusa gida, Hajiya ta juyo ta kalle ni. Sannan ta ce, "Esh hada, mene ne haka, ya binti? Ke da kanki ba ki gane kayanki ba?" Na ce, "Hajiya, ban sani ba. Wallahi ban ma san abin da na sani ba." Ni da ba na rantsuwa, ranar na rantse.

Ranar Talata da safe, bayan maigidana ya fita, tunani iri-iri suka taso mini. In sayi ruwan ƙasar in ce hasken wayar Ladi ne ya yaudare su. In ce kayan sun ƙare a kasuwa. In kashe wayata sai bayan taro. Kowanne na ɗauko sai in ji muryar Mama tana cewa Rifkatu ba ta ƙarya. Har na buɗe kwamfuta, hannuna ya tafi da kansa wurin manhajar, wai in rage wa hoton shafin launi kaɗan-kaɗan yadda in an duba za a ce dama haka yake.

A nan na tsorata da kaina. Na rufe kwamfutar, na durƙusa a ƙasan kicin. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, na rikice. Ban san gaskiyar launin komai ba, har da ni kaina. Ka nuna mini inda zan taka." Na yi kuka sosai. Ban ji murya daga sama ba, ban ga haske ba. Abin da na sani kawai, lokacin da na tashi, duk dabarun nan sun fita daga kaina, saura abu ɗaya: in faɗa wa Mama.

Amma ban so in kira ta hannu banza ba. Na koma Balad na karɓo ƙyallen yadi uku na gaske waɗanda na ga za su iya zama da atamfar, na wuce Hindawiyya. Hajiya ta ture keken ɗinkinta, ta buɗe taga, ta kashe fitilar ɗaki. Ta shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa inda hasken rana ke shigowa amma ba ya dukan wurin kai tsaye. Ta ce, "Kashe wannan walƙiyar ta kyamara. Ni shekara arba'in ba na zaɓar zare a ƙarƙashin fitila, bakin taga nake zuwa."

Ta jera yadin uku, ta ɗora ƙyallen atamfar a kan kowanne. Sai ta kwance bakin mayafinta ta ciro goro ɗaya ja, ta ajiye a gefe. Na ce na mene ne. Ta ce, "Kowace mace a garinku ta san launin goro da girmansa. In wayarsu ta canza goron, sun san ta canza yadin. Ɗauki daga sama, ɗauki daga kusa su ga saƙar. Khalas, shi ke nan. Kar ki taɓa shi da komai."

Na tura wa Ladi hotunan yadda suka fito, ban ko buɗe manhajar ba. Yatsuna suna ƙaiƙayi, amma na zauna a kansu. Sannan na ce ta ba Mama waya.

Na ce, "Mama, yadin da kuka zaɓa babu shi. Ni na canza masa launi a kwamfuta don ya yi kyau. Na sa kin yi shaidar abin da ba gaskiya ba a gaban mata. Ki gafarta mini."

Mama ta ce, "To. Ni na tsaya na yi maganar, ni zan tsaya in gyara ta. Gobe akwai taron addu'a, zan faɗa musu yadda kika faɗa mini." Na ce ta bari in rubuta wasiƙa a karanta, kar kunyar ta hau kanta. Ta ce, "Kunyar ta riga ta hau. Ki bar ni in sauke ta da bakina."

Na ɗauka ta gama. Sai ta ce, "Rifkatu, tunda yau ranar gaskiya ce, ina da roƙo. Wannan farar yarinyar da kike turo mini, ban san ta ba. Ina karɓa ina cewa ta yi kyau don kar in ɓata miki rai. Shekara biyu ban ga 'yata ba. Ki tsaya a bakin tagar nan da kika ɗauki yadin, a ɗauko mini ke."

'Yan'uwa, ashe duk ta sani. Ni ce kaɗai nake zaton na ɓoye.

Hajiya ce ta riƙe kyamarar. Idanuna a kumbure, ga ƙuraje, ga kumatun da nake ragewa duk sun dawo wurinsu. Na ce ta bari in wanke fuska. Ta ce, "La, a'a, haka uwarki ta ce." Ta danna.

Ranar Laraba Mama ta tsaya gaban matan ta faɗa musu komai. Wadda ta ce ba ta yarda da kayan hoto ba ta samu abin faɗa, kuma da gaskiyarta. Mata huɗu suka ce sun fasa. Sauran suka zagaye wayar Ladi, suka duba goron, suka zaɓi na tsakiya. Ranar Alhamis yadin ya hau jirgi. Bai kai na hoton kyau ba, ba zan yi muku ƙari ba, amma ya zauna da atamfar.

Na cire manhajar daga kwamfutar. Na goge duk tsofaffin hotunan shafina, na rubuta dalili a fili. Wasu masu saye sun tafi ba su dawo ba. Waɗanda suka tsaya kuma, yanzu idan na manta ban sa goro a hoto ba, sai su tambaye ni ina goron. Har yau idan hoto ya fito dushi-dushi ina jin hannuna yana so ya gyara, sai in tashi in matsa kusa da taga in sake ɗauka. Ku ci gaba da sa ni cikin addu'a.

Da na je gida hutu bara, na tarar da hoton nan na bakin taga a cikin Littafi Mai Tsarki na Mama, gefensa har ya lanƙwashe don yawan taɓawa. Na ce, "Mama, duk hotunana ki rasa wanda za ki wanke sai wannan mai kumburarren ido?" Ta ce, "Shi ne nake iya yi wa addu'a, don na san wadda ke ciki."

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya fitar da ni daga ruɗun da na saƙa da hannuna, ya tsare mini mahaifiyata, ya kuma aiko mini da taimako ta hannun Hajiya Asma'u. In akwai wani a falon nan da ya daɗe yana gyara abin da yake nuna wa mutane har ya manta yadda na asalin yake, kada ya jira sai ya gane kansa tukuna. Ya zo wurin Yesu a rikicensa, yadda na zo. Yesu ya karɓe ni haka, kai ma zai karɓe ka. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.