Faifan da ke Gaban Baro

Kai ma ka sha wuce irin wannan rumfar a kasuwar Mile 3 ka kawar da kai. Nan Na'Allah mai baro ya miƙa wa mai zuba finafinai wayarsa.

"Malam, duba min. Bidiyon ƙauyenmu ne kafin 'yan bindiga su tashe mu. Bara aka juyo min shi daga faifai, amma da marigayiya mahaifiyata ta motsa sai fuskarta ta tsattsage layi-layi."

"Mai juyin ne ya yi gaggawa, oga. Kawo faifan in sake."

"A gyara na wayar dai."

"Wannan ba ya gyaruwa. Ina faifan?"

Na'Allah ya waiwayi baronsa. Ga faifan can a gaba, an kafe shi da ƙusoshi, yana ƙyalli don direbobi su hango shi.

"Na ɗauka tunda ya shiga waya shi ke nan."

"Haba! Ba ka kalla ba ka huda?"

"Zuciyata ba ta iya ba sai jiya. 'Yata ce ta ce in nuna mata kakarta."

Kai da naka ke akwati, juya shi yau, ka kalla har ƙarshe, kuma ka adana faifan.