Cittar da Aka Shuka Mana Kyauta

Salama a gare ka mai gabatarwa, da dukan masu sauraro, cikin sunan Yesu. Ni ce Saratu, daga wani ƙauye kusa da Kachia.

Bara maigidana ya kwanta ciwo daidai lokacin shuka. 'Yan ikkilisiyarmu suka yi mana gayya, suka shuka citta, suka rufe ta da ganye, ko kunu ba su bari na dama musu ba. Da ya warke, sai ya ƙi leƙa gonar, kullum yana gidan burkutu. Na ce, "Baban Ishaya, ciyawa fa ta taso." Ya ce, "Ba ki jin wa'azi ne? Da alheri aka cece mu, ba da aikinmu ba. Allah zai kula."

Ban musa ba, ceto kyauta ne, kamar shukar nan. Amma rabin da na iya cire wa ciyawa ni kaɗai, shi ne kawai ya ba mu citta.

Yanzu ba gonar nake wa tsoro ba, zuciyarsa ce. Don Allah ku ba ni shawara. Baban Ishaya, na san kana ji: ruwa ya sauka, fartanyarka na nan bayan ƙofa.