Lemon Madou da Ƙodar Yu-lan

Yu-lan: Alo, Yaya Ching-piao? Barka da bikin wata.

Ching-piao: Barkanmu dai, ƙanwata Yu-lan. Ya Taipei? Ya maigidan da gwiwarsa?

Yu-lan: Da sauƙi. Ya Tainan? An ci shinkafa?

Ching-piao: An ci, an ƙoshi.

Yu-lan: Ya ƙodata?

Ching-piao: Ƙodar da kika ba ni tana gudanar da aikinta cikin ladabi.

Yu-lan: Maganin dashen fa? Takrolimus ɗin?

Ching-piao: Ƙarfe takwas na safe, ƙarfe takwas na dare. Shekara talatin ina shugaban makaranta, ban taɓa makara ba. Wata 'yar alfarma nake nema: ki rubuta mini wasiƙar godiya. Hannuna na rawa, alƙalami ya ƙi zama.

Yu-lan: Rawa? Tun yaushe? Alo? Layin na yankewa!

Ching-piao: Ina jin ki. Kwana huɗu. Sai ɗan ciwon kai da bai cancanci ambato ba.

Yu-lan: Godiyar me?

Ching-piao: Tsofaffin ɗalibaina sun aiko da ƙaton lemon nan na biki daga garin Madou. Kwali uku.

Yu-lan: Ka ci?

Ching-piao: Ɗaya bayan kowane abinci. Malami ba ya barin kyautar ɗalibinsa ta ruɓe.

Yu-lan: Wayyo! Likita bai hana ka ba?

Ching-piao: Na ƙasar waje ya hana, mai ɗaci. Wannan na gida ne.

Yu-lan: Danginsu ɗaya! Shekara ashirin na yi ina aikin jinya, Yaya. Lemon nan hana hanji da hanta narkar da maganin yake. Sai ya taru a jini, hannu ya kama rawa, daga nan ya far wa ƙodar.

Ching-piao: In haka ne, zan dakatar da maganin.

Yu-lan: Ka dakatar, jikinka ya ga ƙodar baƙuwa ce ya kore ta? Lemon za ka dakatar! Sa takalmi ka tafi asibiti a auna jininka, likita ne zai rage maka maganin. Ga ni nan tafe a jirgin ƙasa na ƙarfe biyu.

Ching-piao: Wasiƙar fa? Ba ta jira.

Yu-lan: Ƙoda ɗaya ta rage mini, Yaya, kuma ba zan ba ka ita ba.

Ching-piao: Na fahimta. To, rabin da na riga na ɓare fa? Yu-lan? Alo?