Sunan Da Na Yi Wa Ƙanwata Ƙarya A Kansa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ni Bulus ne, direban babbar mota. A aji huɗu na tsaya, ba ni da daɗin baki, ku ji ni haka.

Ba giya ce ta ɗaure ni ba, ba ciwo ba. Tsoron 'yan boko ne.

Ƙanwata Briskila ta auri wani akawun gwamnati nan Gombe, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, kowane akawu yana sayen babur. Mutum mai kwat, mai karanta Littafi gaban jama'a ranar Lahadi. Na ce mun haye!

Wata rana ta same ni ina wanke mota, ta ce, "Yaya, mene ne yusles? Haka yake kirana, ko gaban baƙi, su yi ta dariya."

Na san ma'anarsa sarai. Da shi Turawan kamfani suke zagin mu leburori: marar amfani. Amma na dubi ƙasa na ce, "Sunan so ne na 'yan boko. Koma ɗakinki."

Shekara shida tana amsawa.

Bai taɓa marinta ba. Sai ya yi wata bai ce mata kanzil ba. Ya ɓoye makulli ya ce ita ta yar, kanta ba daidai ba. Ya hana ta zumuntar mata. Sau uku ta gudo wurina, sau uku na mayar da ita da motata. Dattawan coci suka ce, "Ina tabo? Ba tabo, ba magana. Ta yi haƙuri."

Ranar da na kai mata dawa daga Kwadon, ta kawo mini ruwa, kofin ya suɓuce. Ta durƙusa, ta ce, "Yaya, ka yafe, ni yusles ce, ba na iya komai."

Ashe ta daɗe da sanin ma'anarsa! Ta kuma san ni ma na sani.

Na shiga mota na kifa kai a sitiyari. Na ce, "Ubangiji, ni ne na sayar da ita don in ce ina da suruki mai kwat. Ka ba ni ƙarfin hali." Ya kuwa ba ni. Na koma na ɗaure akwatinta.

Mijin ya fito yana zuba Turanci. Na ce, "Malam, yi da Hausa, yau ba mai fassara."

Yanzu tana gidana, tana ɗinki. Sai da ta yi wata biyar kafin ta yi dariya. Shi kuwa har gobe yana karatu gaban jama'a, dattawan nan suna cewa amin. Ban yafe masa ba tukuna, ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba. Ku yi mini addu'a.

Na gode wa Yesu da ya fisshe ni tun tana da rai. Ku dogara gare shi. Wanda kuma 'yar'uwarsa ta ƙwanƙwasa ƙofa, ya buɗe, ya shimfiɗa mata tabarma, ya rufe bakinsa ya saurara.